Daga Yawuri Zuwa Bakin Teku: Yadda Ake Shiga Karatun Kimiyyar Teku

Ranar da na gaya wa Baba cewa karatun teku zan yi, sai da ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Teku kuma? Duk ruwan da Allah ya zuba mana a Yawuri bai ishe ka ba?" Kawu kuwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jefa birgi a kogin Kwara, dariya ya yi, ya ce a ƙyale yaro ya je ya gano mana inda ruwan namu yake ƙarewa.

Ni a raina kyaftin zan zama, fararen kaya da hula mai tambarin anga. Sai da na yi makonni ina shiga aji a Legas sannan na gane cewa kwas ɗin da yaron kafe, wato shagon intanet, ya cika mini ba ya kai mutum ɗakin tuƙin jirgi. Ɗakin gwaje-gwaje yake kai shi, ya zauna yana leƙen ɗigon ruwa ta madubin ƙara girma. Allah ya taimake ni na so abin daga baya. Amma na ga waɗanda ba su so shi ba, suka yi shekara huɗu suna zaman doya da manja da karatunsu. Saboda haka, ƙanena, kafin ka sayi fom ɗin JAMB, ka fara sanin wane ruwan kake shirin shiga, domin hanyoyin uku ne kuma ba sa haɗuwa sai can gaba.

Ta farko ita ce kimiyyar tekun kanta: halittun da ke cikinsa, sinadaran ruwansa, tafiyar igiyoyinsa, ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da yadda yake cin gaɓa. A littafin kwasa-kwasan JAMB za ka gan su da sunaye irin su Marine Biology, Oceanography, ko Marine Science and Technology. Jami'ar Legas tana da sashen kimiyyar teku, kuma harabarta da ke Akoka a bakin tafkin Legas take, ka fito daga aji ka taka kaɗan sai ga ruwa. Jami'ar Kalaba ta daɗe da cibiyar nazarin teku wadda ta girma ta zama tsangaya. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana yi, haka ma Jami'ar Jihar Akwa Ibom. Shekara huɗu ne a wasu, biyar a jami'ar fasaha.

Ta biyu ita ce aikin jirgi, wanda na so tun farko. Nan ma gida biyu ne: masu tuƙi da lissafin hanya suna karanta Nautical Science, masu kula da inji suna karanta Marine Engineering. Makarantar da aka fi sani ita ce Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jirgin Ruwa da ke Oron a Jihar Akwa Ibom, inda ake ba da ƙaramar difloma da babba, kuma rayuwar cikinta rabin ta soja ce, da yunifom da fareti da asubanci. Akwai Jami'ar Harkokin Teku ta Najeriya da ke Okerenkoko a Jihar Delta, wadda ta fara karatu a 2018, kuma a kwalekwale mai inji ake shiga garin daga Warri. Akwai kwalejin tarayya ta kamun kifi da fasahar teku a Victoria Island. Jami'ar Jihar Ribas a Fatakwal tana koyar da injiniyancin jirgi.

Ta uku ita ce harkar kifi da kiwonsa, kuma ita ce kaɗai ba sai ka bar Arewa ba. Jami'ar Bayero, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri duk suna da sashen kifi. A New Bussa, kusa da madatsar Kainji, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da kwalejinta. Wanda iyayensa suka ƙi sakinsa zuwa kudu yana iya fara digiri a nan, ya ƙarasa na biyu a bakin teku. Na san waɗanda suka yi haka kuma ba su yi asara ba.

Cika fom

Takardar sakandare tukuna. Kiredit biyar ake nema, kuma ga duk waɗannan kwasa-kwasai ka tabbata Turanci, Lissafi, Fiziks da Kimistiri suna ciki, ka ƙara da Bayoloji idan ɓangaren halittu ko kifi za ka. A jarrabawar JAMB darasi huɗu ne har da Turanci. Mai son injiniyanci ko tuƙi, Lissafi da Fiziks dole ne. Mai son halittun teku, Bayoloji da Kimistiri ne ginshiƙinsa. Na huɗun yana bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa ba don sun kasa ci ba. Ka buɗe littafin kwasa-kwasan na shekarar da kake ciki a shafin JAMB, ka karanta abin da jami'ar da ka zaɓa ta rubuta da idonka. Kada ka miƙa wa yaron kafe takardunka ka fita shan rake. Ka ja kujera ka zauna kusa da shi, ka karanta kowane layi kafin ya danna. Zuwa da kai ya fi aike, ni shaida ne.

Ga wani abin da ɗaliban Arewa da yawa ba su san suna da shi ba. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko. Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe da Borno duk suna cikin wannan jerin. A kwas irin likitanci ana turmutsutsu a kan wannan kaso. A kwas ɗin teku kuwa, a ajinmu ni kaɗai ne nake jin Hausa. Ba ina nufin ka kwanta ka yi barci ba, sai ka kai makin da jami'ar ta yanka kuma ka ci tantancewarta. Amma ƙofar a buɗe take, masu ƙwanƙwasawa ne babu.

In kana da NCE ko difloma a fannin kimiyya, ko ka yi IJMB, kana iya neman shiga kai tsaye aji biyu. Batun kuɗi kuma, ka nemi tallafin hukumar ba da sikolashif ta jiharka tun shekarar farko, sannan tun 2024 akwai rancen ɗalibai na NELFUND ga 'yan makarantun gwamnati.

Mai son aikin jirgi, tsaya ka ji

Kafin ka kashe ko sisi, je asibiti a gwada idonka, musamman bambance launi. Da dare fitila ja da kore ne ke gaya wa matuƙi ta wane gefe wani jirgin yake tahowa, don haka wanda ba ya bambance su ba za a taɓa ba shi takardar tuƙi ba, komai ƙoƙarinsa. Gwajin minti biyar ne, littafi ne mai ɗige-ɗige masu launi da lambobi a ɓoye. Mutane na rayuwa shekara ashirin da wannan matsalar ba su sani ba.

Sannan ka sani difloma ko digiri ba shi ne lasisi ba. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira STCW, ta 1978, wadda aka yi wa babban gyara a 1995 da 2010, ita ce ta shimfiɗa abin da ake bukata. Za ka yi gajerun kwasa-kwasan dole: ceton rai a ruwa, kashe gobara, agajin gaggawa. Bayan nan sai abin da ya fi komai wuya, wato samun gurbin koyon aiki a cikin jirgi. Mai neman zama jami'in tuƙi sai ya cika wata 12 a teku, ana sa masa hannu a littafin horo, kafin ya zauna jarrabawar takardar ƙwarewa da NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ke bayarwa. Jiragen da ke ɗaukar ɗalibai ba su da yawa, masu jira kuwa tuli. Ka tambayi kowace makaranta, ido da ido, yadda take sama wa ɗalibanta wannan gurbin, sannan ka nemi tsohon ɗalibinta ka sake tambaya. NIMASA tana da shirin da ta fara a 2008 na tura matasa karatun jirgi a ƙasashe irin su Indiya, Filifin, Masar da Birtaniya, kuma a wasu zagayen ta hannun gwamnatocin jihohi ake tura sunaye. Ka riƙa leƙa shafinsu da kanka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta asusunsa zai saka sunanka, ɗan damfara ne.

Abin da za ka tarar

Na tafi Legas ina taƙama na iya ruwa, tunda tun ina ɗan shekara bakwai nake iyo a Kwara. Fitarmu ta farko zuwa tekun gaske, muna aji uku, mun tashi da sassafe a ƙaramin jirgi mai inji biyu. Cikin tafki lafiya lau, har ina yi wa 'yan ajinmu ba'a. Muna wuce bakin mashigar, inda aka jera manyan duwatsu dama da hagu, sai jirgin ya fara hawa yana sauka kamar raƙumin da aka tsikara. Aikina ranar shi ne faifan auna hasken ruwa: farin faifai ne kamar murfin tukunya, a ɗaure da igiya mai alamomi. Ana zura shi a hankali har ya ɓace wa ido, a rubuta tsawon igiyar, a ɗago har ya sake bayyana, a rubuta, a raba tsakani. Aiki mai sauƙi. Amma sai ka sunkuya ka zuba wa ruwa ido, wanda shi ne abin da ba a son mai jiri ya yi. Kafin faifan ya ɓace, ƙosai da kunun da na karya da su sun riga shi zuwa ƙasa. Wani dattijon matuƙi ya miƙo mini ɗanyar citta, ya ce in tauna in dubi can inda sama ta haɗu da ruwa, kada in sake kallon ƙafata. Kifin rijiya ya ga teku. Tun ranar ba na fita da cikin da ya cika, ba na fita da yunwa, kuma ba na raba aljihuna da citta.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Tafkin Legas kuwa da damina koguna suna cika shi har ya kusa zama ruwan sha, da rani teku ya turo gishiri ya mamaye shi, kifayen ciki su canza kamar 'yan kasuwar ƙauye. Za ka koyi auna wannan da wata 'yar na'ura kamar tocila, ka ɗiga ruwa ka ɗaga ta wajen haske ka karanta. Za ka koyi jan koma mai laushi kamar ɗankwali don kamo ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda duk wani kifi da ke teku a kansu abincinsa ya dogara. Za ka shiga dajin mangurof, ba mangwaro ba, itatuwa ne da ke tsaye cikin taɓon gishiri da saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, kuma na yankin Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka. Taɓon yana kai wa cinya kuma yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka sayi takalmin roba mai kama ƙafa, kuma ka duba jadawalin cika da janyewar ruwa kafin ka shiga, domin teku sau biyu yake kawowa a yini, ba ya jiran kowa ya gama rubutu.

Wanda bai iya iyo ba ya koya kafin ya tafi, ko a tafkin wanka na otal ne. Wanda ya iya kuma kada ya raina gaɓar Legas. Akwai wata igiya da ke jan mutum zuwa ciki, in ta kama ka kada ka yi kokawa da ita, ka yi iyo a kaikaice, gefe-gefe da gaɓa, har ka fita daga bakinta. Rigar kariya kuwa ba a shiga jirgi sai da ita. Mu 'yan bakin Kwara mun san gawa nawa muka ɗauko saboda rashinta.

Ƙanwata, ke ma da ke nake. Malaman da suka fi tsare mu a ɗakin gwaji mata ne. Abin lura kawai, ranar fita ruwa a sa ƙaramin hijabi a cusa shi cikin riga, don dogon mayafi da injin jirgi ko na'urar naɗe igiya ba sa ga maciji. Batun salla kuma babu damuwa, hadisi ya tabbatar ruwan teku mai tsarki ne kuma mushensa halal ne, da shi muke alwala. In ka sauka Legas ba ka san kowa ba, ka nufi Idi-Araba ko Agege ko Obalende, inda Hausawa suke. A Kalaba ka tambayi Bogobiri, ƙamshin tsire ma zai kai ka.

Abu biyu ne suka raba waɗanda suka yi nisa a cikinmu da waɗanda suka tsaya. Na farko inda mutum ya yi horon SIWES na wata shida, wato koyon aiki da ake tura ɗalibi ya yi a wata ma'aikata. Ka fara neman wuri tun shekara guda kafin lokacin. Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya, NIOMR, da aka kafa a 1975 a Victoria Island, tana karɓar ɗalibai, kuma tana da jirgin bincike mai suna Bayagbona. Kamfanonin da ke auna tasirin ayyuka ga muhalli a Fatakwal da Legas su ma suna ɗauka. Kada ka kai takardarka ofishin da za a sa maka hannu kana gida. Na biyu kwamfuta. Yau rabin nazarin teku a kan allo ake yinsa. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke shawagi a tekunan duniya suna nutsewa suna tasowa suna aiko da zafin ruwa da gishirinsa, kuma bayanan kyauta ne. Hotunan tauraron ɗan'adam na Copernicus kyauta ne. Manhajojin QGIS, da Ocean Data View, da harsunan R da Python, duk ba ka biyan kowa. Ka koyi ɗaya ka iya shi sosai. Wanda ke zaune a Birnin Kebbi da tsohuwar laftof da data yana iya zana taswirar yadda teku ke cinye garin Ayetoro na Jihar Ondo shekara bayan shekara.

Bayan digirin farko

A nan damar take da faɗi, kuma yawancinta da tallafi. Jami'ar Cape Coast a Gana tana da cibiyar ACECoR ta nazarin kare gaɓar teku, wadda Bankin Duniya ya tallafa, tana ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma digiri na biyu da na uku. Jami'ar Gana da ke Legon tana da sashen teku da kifi, sannan a Nungua kusa da Akra akwai jami'ar harkokin teku ta yanki. Ɗan Nima ko Sabon Zango na Akra ba sai ya yi nisa ba. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa kuma Najeriya da Nijar da Gana suna cikin ƙasashen da suka kafa shi, yana da digiri na biyu kan sauyin yanayi da kimiyyar teku a garin Mindelo na Cape Verde, har ana fita da ɗalibai a jirgin bincike na Jamus. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi Fiziks ko Lissafi da Faransanci, a Jami'ar Abomey-Calavi ta Benin akwai digiri na biyu kan motsin teku da ake yi tare da Jami'ar Toulouse, a Abidjan kuma akwai makarantar jiragen ruwa ta ƙasashe masu Faransanci.

Ta gabas, jami'ar KAUST da ke Thuwal arewa da Jidda tana bincike a Bahar Maliya, da Turanci ake karatu kuma duk wanda ta ɗauka tana biya masa komai, sai dai shigarta sai mai sakamako na gani na faɗa. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda tana da tsangayar teku, a Iskandariyya kuma akwai makarantar jiragen ruwa ta ƙasashen Larabawa. Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya da ke Malmo a Suwidin, wadda aka kafa a 1983, ta ma'aikata ce, sai hukumar da kake wa aiki ta tsaya maka wajen neman tallafi.

Gajerun horo ma suna buɗe ƙofa. Akwai makarantar bazara ta mako ɗaya kan nazarin teku mai suna COESSING da aka fara a Gana a 2015, aka kawo ta Legas a 2022. Akwai horon wata goma kan binciken teku na shirin NF-POGO mai ɗaukar mutum goma a shekara daga sassan duniya. Akwai darussan OceanTeacher na UNESCO ta intanet. Yawancin masu ba da gurbi da tallafi abu uku suke tambaya: takardar sakamakonka dalla-dalla, wasiƙun malamai biyu da suka san ka, da bayanin abin da kake son bincikawa. Ka nemi takardar sakamako tun kana bautar ƙasa don tana cin lokaci, ka yi fasfo, kuma kada ka bar makaranta ba tare da malami ko ɗaya ya san sunanka da fuskarka ba.

A wajen bayanin binciken ne ɗan Arewa yake da abin faɗa wanda ɗan gaɓa ba shi da shi. Ruwan da ke sauka kan gero a Katsina daga Tekun Atilantika iskar damina ke ɗauko shi, kuma masana sun danganta farin 1973 da na 1984 da sauyin zafin ruwan tekuna. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana zuba a tekun ta zama taki ga halittunsa. Yashin da madatsun Kainji da Jebba ke tarewa, da can gaɓa yake zuwa ya cike abin da igiya ta kwashe. Ka ɗauki zare ɗaya cikin waɗannan ka rubuta shafi guda a kansa.

Aiki fa? Ba zan yi maka daɗin baki ba, ba a kan titi yake ba. Gaɓarmu kilomita 853 ce, an kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku a 2023, tashar Lekki mai zurfi ta fara aiki a shekarar, ga NIMASA, da hukumar tashoshin jiragen ruwa, da NIWA mai kula da koguna daga Lakwaja, da NOSDRA mai bin malalar mai, da sashen auna zurfin ruwa na sojan ruwa. Amma gurabe kaɗan ne, kuma da yawa cikin 'yan ajinmu suna banki ko suna kiwon tarwaɗa. Waɗanda suka zauna a fagen su ne masu digiri na biyu da masu iya sarrafa bayanai.

Hutuna na farko na cika gorar roba da ruwan teku na kai wa Kawu tsaraba. Ya buɗe ya shinshina, ya kurɓa, ya furzar da shi a gindin darbejiya, ya goge baki da hannun riga. Ya ce, "Yanzu a cikin wannan kifi yake kwana?" Na ce har ya yi ƙiba. Ya ce to me ya sa ƙishirwa ba ta kashe shi? Ban san amsar ba a lokacin. Sai a aji biyu aka koya mana cewa kifin teku shan ruwan yake yi, ya fitar da gishirin ta matsefin kuncinsa, na kogi kuwa kusan ba ya sha, fitsari yake ta yi. Da na kawo wa Kawu wannan bayanin, sai ya ce na kogin dai ya san da shi, tun da ya sha matse giwan ruwa a cikin jirgi.